Mai kwaɗayin zaƙi, ga yadda ake cin ƙasar Yauri

Muna sauka daga motar Kontagora a tashar Yelwa, abokin tafiyata bai tambayi masauki ba, bai tambayi masallaci ba, sai ya ce in kai shi gidan burodin da ake yin mai kirfa. A Suwidin ya yi karatu, can kuwa ya saba da wani burodi da ake murza kwaɓinsa ya yi fale-fale, a shafe shi da man shanu, a barbaɗa kirfa da sukari, a naɗe kamar tabarma, a yayyanka a gasa. Mutanen ƙasar har rana suka ware masa, 4 ga Oktoba. Ya ce in ka shiga gidan burodi a babban birninsu sai ka rasa na zaɓa. Na ce masa ya rage buri. Burodin da zai samu a nan shi ne na teburin mai shayi, wanda ake yankawa a shafa bota. Amma in abin da yake nema shi ne abu mai ƙamshi, mai ɓawo-ɓawo, mai rugurgujewa a baki, to akwai shi, sai dai ba a cikin gilashin kanti yake ba.

Duk mai niyyar zuwa wannan yanki ya fara sanin shimfiɗarsa. Masarautar Yauri ƙananan hukumomi uku ce a kudancin Jihar Kebbi: Yauri, Ngaski da Shanga. Fadar sarki tana Yelwa, tsohon birnin kuwa, Birnin Yauri, yana cikin Ngaski, wadda hedikwatarta take Wara a bakin tafkin Kainji. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye gungu da ƙauyuka da dama, aka tayar da dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. Gungawa, Kambari, Shangawa, Lopawa, Hausawa da Fulani duk a nan suke, kuma abin da ƙasar ta fi tinƙaho da shi kifi ne da albasa da shinkafa. Shinkafar nan ita ce ta farko da za ta tarbe ka da safe.

Ka tashi da wuri. Mai son waina a garin nan ba ya komawa barci bayan sallar asuba, domin kafin hantsi ya ɗaga masu hannu sun kankare ƙwaryar ƙullu sun tashi. Kada ka tsaya wurin wadda ta tara waina a faranti tana jiran ciniki. Nemi wadda yara suka yi wa da'ira da kwanoni, kowa na cewa shi ya riga zuwa, ita kuwa tana juya waina a tanda da bakin cokali ba ta ko ɗaga kai. Ka rage tsawo ka gaishe ta, "Ina kwana, Inna, an tashi lafiya?", ka bari ta amsa kafin ka ambaci kuɗi. Baƙon da ya miƙa kuɗi babu gaisuwa za a sallame shi, amma ba zai ga gyara ba.

Ka sayi kaɗan-kaɗan. Wainar kirki gefenta ya yi ja ya yi ƙamas, cikinta fari mai huhu, da ɗan tsami-tsami na ƙullun da ya kwana ya tashi. Ka ci ɗaya haka nan ba mahaɗi, don ka san hannun mai yi. Ta biyu ka dangwala sukari, ta uku zuma in akwai, ta huɗu garin ƙuli mai yaji. In ka yi sa'a ka tarar da romon kifi kusa, to ka manta da zancen zaƙi na ɗan lokaci. Abokina ya ce ai wannan ba ɗanɗano daban-daban ba ne, abu ɗaya ne ake canja masa riga. Na ce masa nasu burodin ma haka yake.

Fanke da ƙosai da funkaso ba sa buƙatar dogon bayani, ko'ina akwai su. Abin dubawa ɗaya ne: man da ke cikin kasko. In ya yi baƙi ƙirin yana kumfa, wuce abinka, ƙwannafi za ka saya. Wurin mai shayi kuwa ka tambaya ko akwai na kayan ƙamshi. Wasu suna dafa ruwan da citta da kanumfari, wani lokaci har da ɓallin kirfa, wasu kuma ruwan zafi ne kawai da ganyen leda.

Yanzu ga abin da ya kawo mu, wato dublan. Shi ne ɗan'uwan burodin abokina na kusa a ƙasar Hausa, shi ma kwaɓin fulawa ne da ake murzawa ya yi siriri a ninka shi, sai dai soya shi ake yi a tsoma a ruwan sukari. Da wuya ka gan shi a kan tire a bakin titi, domin kayan gara ne, shi da alkaki da nakiya da cincin, ana yin su don kai amarya ko suna ko Sallah. Masu yinsa mata ne a cikin gidajensu, ba su da allo a ƙofa, kuma namiji baƙo ba ya faɗa wa gidan mutane. Hanyar ita ce ta mai masaukinka. Ka gaya masa, shi zai gaya wa iyalinsa, su kuwa sun san wadda ta yi wa 'yar wane gara aka yi ta zancensa. Ka ba da kafin alƙalami, ka ba ta kwana biyu. In zuwanka ya faɗo lokacin bikin Rigata, sa'ad da garin ke cika da masu kallon tseren kwale-kwale, ko kuma gab da Sallah, ka aika saƙon tun kana gida.

Mu namu ya zo da sauƙi, don gwaggon mai masaukinmu ce ke yi. Tsohuwa ce, ta ce mu shigo, ai 'ya'yanta ne mu. Muka same ta a tsakar gida ta kifa babban faranti, tana murza kwaɓi da kwalba. Tana murzawa tana ɗaga shi ta duba, sai da ya kai ana hango inuwar yatsunta ta bayansa sannan ta yarda. Ta yanka shi falle-falle, ta tsattsaga tsakiyar kowanne da wuƙa ba tare da ta kai baki ba, ta kama gefe ta zura ta cikin tsagar ta jawo, sai ga shi ya murɗe ya yi kamar kitso. Jikarta na gefe tana jefawa cikin mai. Wutar ba mai ƙarfi ba ce, domin dublan ba a son ya yi ja, ana son ya fito fari-fari ya bushe har ciki. A ɗaya murhun ruwan sukari na tafasa. Ta matsa lemon tsami a ciki, ta ɗiga kaɗan a yatsa ta haɗa da babban yatsa ta buɗe, ya yi zare. Ta ce in babu lemon, gobe sukarin zai daskare ya yi fari a jikin dublan kamar kanwa.

Nan abokina ya yi ƙarfin hali. Ya ce, "Gwaggo, in an raba ruwan nan uku fa, a sa wa kowanne nasa ƙamshin?" Ta dube shi ta dubi mai masaukinmu, ta ce, "Wannan ɗan naku ɗan boko ne ko?" Amma ta raba. Kaso ɗaya aka bar shi da lemon kaɗai, na biyu aka jefa masa dakakkiyar citta da 'ya'yan kanumfari, na uku aka karya sandar kirfa a ciki. Mun sayo kirfar tun da hantsi wurin masu kayan ƙamshi a kasuwa, kuma in za ka saya, ka sayi ɓawon, kada ka sayi gari. Garin yana dagula ruwan sukari ya yi duhu, kuma ba ka san abin da aka haɗa shi da shi ba. Ɓawon ma iri biyu ne. Mai kauri da tauri, wanda ya fi yawa a kasuwanninmu, irin na Sin da Indonesiya ne, ƙamshinsa da ƙarfi har da ɗan yaji. Mai siriri da ke naɗe fallaye-fallaye kamar takarda na Siri Lanka ne, ya fi sanyin ƙamshi, ya fi tsada. Sunan ma daga Larabci muka aro shi, kamar yadda kayan kansa daga nesa yake zuwa.

Hukuncina, ko da abokina bai yarda ba: mai citta da kanumfari ya fi. Zafin cittar yana karya zaƙin, sai ka ci uku ba ka gundura ba. Mai lemon kaɗai shi ne na asali, ba ya ba da kunya. Mai kirfa yana da daɗi a ci na farko, amma mun bar sandar ta daɗe a wuta, sai ya ɗauko ɗanɗanon maganin gargajiya. In za ka gwada, ka ce a tsame ta da zarar ƙamshi ya tashi. Abokina dai ya cinye kasonsa ya sa hannu a nawa, yana cewa ya tuna da sanyin Turai, alhali gumi na tsiyaya daga haɓarsa.

Kada dublan ya ɗauke maka hankali ka manta da sauran. Alkaki da ɓarzajjiyar alkama ake yinsa, a bar kwaɓin ya kwana, a murɗa a soya a tsoma a zuma ko ruwan sukari mai tsamiya. Ka karya ɗaya ka duba kafin ka karɓa. In zaƙin ya ratsa har tsakiya, an yi aiki. In cikin fari ne busasshe, an yi gaggawa, kuma haƙoranka ne za su biya. Nakiya kuwa, a ƙasar da shinkafa ke ƙofar gida, ita ce ta fi cancanta ka tafi da ita. Garin shinkafa ne da aka soya aka kirɓa da zuma ko sukari da mai da kayan yaji irin su citta da masoro da kimba, kuma tana yin watanni ba ta lalace ba. In an ce maka da zuma aka yi, ka sa mai masauki ya tabbatar, don ana dafa sukari a kira shi zuma a kowace tasha ta ƙasar nan.

In za ka gangara Wara ko ka haye zuwa wani gungu, ka ci abincinka ka riƙe guzurinka tun daga Yelwa, ka kuma riƙe canji a aljihu, domin ba kowace mai waina ce ta san tura kuɗi ta waya ba, sabis ma yana zuwa yana ɗaukewa. Tafiyar rana za ka yi. Yankin ya ga tashin hankali, a Yunin 2021 ne 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, don haka ka tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar da za ka bi ta, ba labarin makon jiya ba. Ruwa kuma ba a yi masa gaggawa. A Mayun 2021 wani jirgin katako da aka yi wa lodin wuce kima ya tarwatse kusa da Wara, mutane da yawa suka rasu. In ka ga an cika jirgi da babura da buhuna har ruwa na lasar bakinsa, ka jira na gaba. In akwai rigar ruwa ka sa, ko da matuƙin zai yi maka dariya.

Lokaci ma yana da tasiri. Da hunturu dublan yana yin sati biyu yana ƙaras-ƙaras. Da damina kuwa raɓar bakin ruwa tana kashe shi cikin kwana biyu, ya koma laushi kamar tsumma. Da azumi duk lissafin safiya ya juye, sai bayan la'asar kasko ke hawa wuta.

Na bar kuskurena ƙarshe don kada ka maimaita shi. Ranar komawa na sayi bandar kifi ta tsaraba, na ƙara da rabin buhun albasa, don ba a zuwa Yauri a koma babu su. Dublan ɗin Gwaggo na cikin leda, sai na miƙa wa yaron mota duka, shi kuwa ya cusa su wuri ɗaya a but, ya ɗora jakar wani a kai ya danne. Muka sha zafin rana har Kontagora, muka wuce. Da na isa gida aka kwance, rabin dublan ya zama gari, sauran rabin kuwa ƙamshin kanumfari ya gudu ya bar wa tarwaɗa wuri. Uwargida ta gutsura ta tauna, ta ce, "Malam, wannan a miya ake sa shi?" Yara ne suka cinye, su ba su da zaɓe.

Don haka kafin ka je karɓar saƙonka, ka biya kasuwa ka sayi roba mai murfi mai kamawa gam. Ka bari dublan ya huce sarai kafin a jera, ka shimfiɗa takarda tsakanin sahu da sahu, alkaki a ƙasa don ya fi nauyi. Kifi da albasa su tafi but, robar kuwa ka ɗora ta a cinyarka har gida.