Ɗana, In Za Ka Leƙa Damagaram

Ɗana, na ji labarin cewa kai da abokanka kun yanke shawara dare ɗaya, za ku tashi daga Kano ran Juma'a ku kwana Damagaram, ku ga gari, ku dawo ran Lahadi. Wai ba ku da wani kuɗi mai yawa, sai ɗan abin da kuka haɗa. To, madalla. Ni ba zan hana ka ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma matashin da ya ɗebi guzurinsa don ya ga yadda maƙwabta suke zaune ya fi wanda ya kashe kuɗin a wurin da ba a so. Amma zauna tukuna, kawunka yana da 'yan maganganu.

Ka fara da mahaifiyarka. Kada ta ji daga bakin maƙwabta cewa ka tsallaka iyaka. Ka durƙusa ka gaya mata, ka faɗi waɗanda za ku tafi tare da ranar dawowa. Na san kana tsoron ta ce a'a. Ko ta yi gardama da farko, zuciyar uwa ce, lallashi take so. In ka tafi a ɓoye, kwana biyun nan ba za ta rintsa ba, kuma gobe in ka zo da wata tafiya mai muhimmanci ba za ta yarda da kai ba. Addu'arta kuwa ba a sayenta a tasha.

Sai maganar takardu. Za ka ji masu cewa ai Nijar gida ce, ba a buƙatar komai, akwai hanyar bayan gari. Kada ka saurare su. Gida ce, gaskiya ne, amma gida mai hukumarta. Ka tuna bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyakar nan wata da watanni, sai a Maris 2024 aka buɗe. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. Tun daga nan jami'ai sun ƙara sa ido. Ka riƙe fasfonka, ka haɗa da katin rigakafin shawara, ka bi ta ƙofa. Hanyar Kazaure da Daura ita ce mai sauƙi, ta kai ku Kwangwalam, ku tsallaka, ku bi ta Matamaye har cikin Damagaram. In jandarma ya tsayar da mota, ka yi sallama, ka miƙa takarda, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai. Wanda ya bi ta daji don ya yi tsimin ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, in aka kama shi, abin da zai biya ya ninka, ga wulakanci, ga iyaye a tashe.

Ku yi sammako. Kada dare ya same ku a hanya, ko a tafiya ko a dawowa. In sallar Juma'a za ta sa ku makara, ku bari sai asubar Asabar. Sauri ya haifi nawa.

Yanzu kuɗi, a nan nake so mu ɗan daɗe. Can sefa ake kashewa, kuma naira ba ta da ƙarfin da take da shi a zamaninmu. Ka canja kuɗinka a wurin 'yan canjin da direbanku ya sani, ka ƙirga a gabansu. Lissafin kasuwa kuma da dala ake yinsa. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika kuwa sefa 1,000. In mai tuwo ta ce maka dala ɗari, sefa 500 take nufi. Ka riƙe wannan da kyau, don da yawa sun ɗauka an cuce su alhali su ne ba su iya lissafin ba, har su ɗaga murya a kan baiwar Allah da ba ta yi musu komai ba.

Kafin ka sayi ko da ruwan sha, ka ware kuɗin motar dawowa, ka ɗan ƙara wani abu a kai, ka soke shi a aljihun ciki. Wannan ba naka ba ne, na hanya ne. Kilishin can yana da daɗi, ga cuku, ga takalman fata da jakunkunan da dukawan garin suka shahara da su, kuma ido ba ya ƙoshi. Sai ka wayi gari ran Lahadi da tsaraba cike da jaka, ba ka da na mota. Daga nan sai roƙo, ko buga waya gida a tayar wa mutane da hankali.

Ban ce ka yi rowa ba. Tafiyar mai ƙaramin ƙarfi ba abin kunya ba ce. Ku haɗa ɗaki ɗaya a masauki mai sauƙi, ku karya da shayi da dogon burodin nan nasu, ku ci abincin bakin kasuwa inda kuka ga 'yan gari suna ci. Abin da ba na so shi ne ka mai da arahar taka nauyi a kan wani. In akwai dangi ko aminin mahaifinka a can, ka sanar da su kafin ku iso, kada ku faɗo musu ku huɗu da tsakar dare. Mutanen Damagaram ba za su kore ku ba. Za su shimfiɗa muku tabarma, su ba ku abincin da 'ya'yansu za su ci, su yi murmushi, kai kuma ba za ka taɓa sanin abin da hakan ya ci musu ba. Ka riƙa musu goro ko turare ko turmin atamfa daga Kwari. Zumunta a ƙafa take, amma a haɗa da hannu.

In kun isa, kada ku ce sai kun zagaye komai. Ku nufi Birni, tsohuwar unguwa. Can fadar Sarkin Damagaram take, da lunguna masu gidajen ƙasa da aka yi wa zane a fuska, da manyan duwatsun da garin ya zauna a tsakaninsu. Ka tsaya gaban ƙofa ɗaya ka dube ta sosai, ka ga yadda magini ya murɗa zanen da hannunsa tun ƙasar tana ɗanya. Ka tambayi dattawa labarin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye garin da ganuwa, a zamanin da ayarin raƙuma ke bi ta nan tsakanin Kano da Agadas har Tarabulus. Garin nan shi ne babban birnin Nijar a hannun Faransawa har 1926, kafin a koma Yamai. Daga Birni ku gangara Zango, inda fatake suke sauka a da. Ya ishe ku na yini ɗaya.

Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ka yi tambaya kafin ka ɗaga waya. Kada ka ɗauki hoton barikin soja ko shingen jami'ai, ko da wasa. Kada ka ɗauki matar mutane ko dattijo ba da izininsa ba. A ƙofar fada ka gaida dogarai, su za su nuna maka inda ake shiga da inda ba a shiga. In ka ji Hausarsu ta bambanta da taka, ko sun sako Faransanci, kada ka yi dariya, kada ka kwaikwaye su. Siyasar ƙasarsu kuma ka bar musu, ko da an ja ka da hira a wurin mai shayi.

Ka je, ɗana, Allah ya kiyaye hanya. Ka rubuta lambar mahaifiyarka da tawa a takarda ka sa a aljihu, don waya takan mutu. Da kun sauka ka nemi layi ka kira ta kafin ka nemi abinci.