Guzurin Zuwa Ingal

Ɗana, na ji kana son zuwa bikin makiyaya na Ingal, can ƙasar Azbin, don ka ga aikin fatar Buzaye da idonka. Ba zan hana ka ba. Badukun da bai taɓa juya jakar da wani ya ɗinka ya duba cikinta ba, hannunsa wuri ɗaya yake tsayawa, kuma gani ya kori ji. Hanyar ma ba baƙuwa ba ce gare mu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Malam Jibrilu har Agadas neman karatu, kafin ya zo ya yi shekaru yana wa'azi a nan ƙasar Zamfara. Muna yara kuma ayarin raƙuman Buzaye kan sauko da rani ɗauke da gishiri da dabino, su koma da gero. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka tafi bana. Ka sa ranka a kan baɗi, ka fara tanadi tun daga kakar nan.

Ga dalilina. Bikin lasar gishirin nan, wanda a Nijar ake kira Cure Salée, ana yin sa a ƙarshen damina, galibi cikin Satumba, lokacin da Abzinawa da Fulani Wodaɓe suka koro dabbobinsu zuwa filayen Irhazer, inda ƙasa da ruwan rijiya suke da gishirin da dabba ke bukata. Taron hukuma kwana uku ne ko kusa da haka. To dubi Satumba a nan Bukkuyum. Rumbu ya yi ƙasa, gero ya nuna amma bai gama shiga gida ba, dawa kuwa sai wajen Nuwamba. Taki da ƙwadago sun riga sun lashe abin da ke hannu, zazzaɓin damina kuma yana kwantar da yara gida gida. Wanda ya tashi neman kuɗin tafiya a wannan wata, ɗayan biyu zai yi: ko ya ci bashi, ko ya taɓa abincin iyali. Ban yarda maka da ko ɗaya ba. Hatsin rumbu hakkin matarka da 'ya'yanka ne, bashin kallo kuwa yakan daɗe bai biyu ba, domin babu ribar da ta shigo da za a biya shi da ita.

Kada kuma wani ya ce maka ka shiga ramin zinari wata ɗaya ka samo kuɗin. Ka san abin da gubar dalma ta yi mana a 2010 a 'Yargalma da Dareta da Bagega, yara sama da 400 muka binne a ƙasar Anka da Bukkuyum. Ka san kuma ɓarayin daji ne ke riƙe da wasu daga cikin ramukan nan.

Kuɗin tafiyar nan daga sana'arka zai fito. Duk ranar kasuwa, kafin ka sayi goro ko katin waya, ka cire wani abu daga cinikin takalma da kube da layu, ka ajiye, ko da kuɗin takalmi ƙafa ɗaya ne. In kana cikin adashe, ka roƙi uwar adashe tun yanzu ta sa kwasarka ta faɗo cikin Agusta. A da, da cewa zan yi ka sayi tumaki biyu da kaka ka sayar da su gab da tafiya, amma kai ma ka ga yadda ɓarayin daji suka mai da kiwo a ƙasar nan. In za ka yi, rago ɗaya ya isa, a ɗaure shi cikin gida ana ba shi dusa da harawa. Abin da ya fi wannan shi ne, duk sanda ajiyar ta ɗan taru, ka mai da ita sefa, kuɗin Nijar. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta sha faɗuwa, har a 2024 sefa 1,000 ta haura naira 2,000. Wanda ya tara naira shekara guda yana iya isa Illela a bakin iyaka ya tarar abin da ya tara ya ragu bai kashe ko kwabo ba. In ɗan uwa amintacce zai je Sakkwato, ba shi ya canzo maka kaɗan kaɗan.

Ka kuma koyi lissafinsu tun kana gida, domin a nan ne baƙo ke yin asara ba tare da kowa ya cuce shi ba. A Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce. In mai shayi a tashar Ƙonni ta ce maka ashirin, sefa 100 take nufi. In mai gurasa ya ce hamsin, 250 ke nan. In aka ce ɗari, 500 ake nufi, jaka ɗaya kuwa 1,000 ce. Ka samo 'yan tsabar kuɗinsu, ka baza a kan tabarma, ƙanenka ya riƙa faɗin farashi kana ƙirgowa, har bakinka da hannunka su saba.

Takardu su ne kashewar farko, kuma ba a yi musu rowa. Ka nemi fasfo a ofishin shige da fice na Gusau, ka yi allurar shawara ka karɓi katinta. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, kuma ka tuna an rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Saboda haka kafin ka tashi ka tambayi direbobin Illela abin da ake nema a shinge a wannan makon. Mai cikakkar takarda yana wucewa da gaisuwa, marar takarda kuwa a kowane shinge sai aljihunsa ya yi magana, jimillar abin da zai zubar ta fi kuɗin fasfon.

Hanyarka ta Gummi ce zuwa Sakkwato, daga nan kimanin kilomita 85 zuwa Illela, ka tsallaka Birnin Ƙonni, ka kama Tawa, ka wuce Abalak. Daga Tawa zuwa Agadas kusan kilomita 400 ne, Ingal kuma ba ta kan babbar hanya, sai an ratse. Tsakaninta da Agadas kimanin kilomita 160. Manyan motocin safa irin su Rimbo da Azawad sun fi ƙananan motoci sauƙin kuɗi a doguwar tafiya, ga shi ba a sauke ka a tsakiyar hanya a sayar da kai ga wata motar. Nan ne nake son ka saurare ni da kyau, domin akwai tsimin da ba na so. Kada ka shiga motar dare don ta fi araha, musamman tsakanin nan da Sakkwato. Ka tashi da hantsi bayan motocin farko sun wuce an ji labarin hanya. In yamma ta yi maka a gari, ka kwana a garin, ko da kwanan zai ci kuɗin abincin yini biyu. Kada ka yi shelar ranar tafiyarka a majalisa, kada ka sa ta a Facebook. Can ma ba a rasa tsoro ba, domin a farkon 2025 an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas. Kai ba Bature ba ne, amma daji bai san wannan ba. Ka zauna inda jama'a suke, ka bi motar da jama'a suka bi.

Idan kuɗin ya kammala, abu na farko ka ware na dawowa, tun daga Ingal har ƙofar gida, ka ƙara masa rabin kansa saboda lalurar hanya. Wannan kuɗin ka ɗauka ba naka ba ne. Kai baduku ne, ka ɗinke shi cikin ɗamara ta fata ka ɗaura a ƙarƙashin riga, ko kuwa in ka isa Ƙonni ka aika wa kanka shi ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, ka karɓa ranar da za ka juyo. Na sha ganin samari a tashoshin ƙasar waje suna sayar da waya da agogo a wulaƙance don su samu na mota. Duk cikinsu babu wanda ya fita gida da niyyar haka. Kasuwar biki ce ta ja su kaɗan kaɗan.

Abinci kuwa daga gida za ka ɗauka, kamar yadda fatake suke yi. A soya maka ƙuli-ƙuli, a daka maka dakuwa, a yi maka garin gero da aka turara aka shanya, da yaji da sukari kowanne a ƙullinsa. Garin nan in ka dama shi da nonon da za ka saya hannun matan Fulani, ka ci ka ƙoshi da 'yan daloli. A wurin taro farashin shinkafa da nama tashi yake yi, don komai daga nesa ake kawo shi. Ka sayi jarka mai lita 10 ko 20, ka ɗinke mata rigar buhun algarara, ka riƙa jiƙa rigar kana rataye jarkar a inuwa inda iska ke bugawa. Kafin azahar za ka sha ruwa mai sanyi. Ruwan wasu rijiyoyin can yana da gishiri, cikin baƙo ba ya ɗaukarsa, don haka ka tambayi inda mutanen gari ke ɗiban na sha. Ka tafi da tabarma, da gidan sauro, da maganin zazzaɓi, da mayafi mai kauri domin asubar hamada akwai sanyi, da rawani saboda ƙura. Ka riƙa kakkaɓe takalminka da safe saboda kunama. Masauki ba shi da yawa a Ingal, mafi yawan mutane a rumfa da tanti suke kwana. In ku uku ko huɗu ne, tukunya ɗaya da rumfa ɗaya sun ishe ku, kowa ya zuba daidai a hannun mutum ɗaya yana rubutawa. Waya kuwa ka sayi layin can, kiran da za ka yi da layin gida cinye kuɗi yake yi.

Akwai kashewa ɗaya da nake son ka yi da hannu sake, ita ce ta mutunci. Ka sayi ganyen shayi da sukari da goro mai kyau. Buzu in ya zaunar da kai a kan tabarmarsa ya ɗora buta a kan gawayi, zagaye uku za a sha, ba a tashi a na farko. A wannan zaman ne za ka samu abin da ya kai ka. A wajensu matan maƙera su ne masu aikin fata, mazan kuma su ke ƙera azurfa da takobi da sirdin raƙumi mai ƙahoni uku a gaba. Ka gaida maigida tukuna, ka miƙa abin da ka riƙo, ka faɗi sana'arka, sannan ka nemi izinin kallon aiki. Ka dubi yadda suke yanka tuntaye sirara kamar zare a gindin jaka, da yadda suke fafe ja su bar kore yana leƙowa daga ƙasa. Ka tafi da jemammun fatun jar akuya biyu ko uku. Fatar nan ta ƙasar Sakkwato ita ce Turawa suka daɗe suna saye ta hannun Maroko, kuma duk mai aikin fata ya san darajarta da ya taɓa ta. Ɗaya ka bayar kyauta, sauran ka yi musanya da ƙaramar jaka wadda za ka kawo gida ka warware ka ga ɗinkinta. Kada ka ɗauki kaya masu yawa da sunan ciniki, kuɗin fito da ɗawainiyarsu za su hana ka kallon da ka je yi.

Kallon kansa ba a biya. Sukuwar raƙuma, da mata sun kewaye tende, wato turmin da aka rufe da fata ana kiɗa, da samarin Wodaɓe sun jeru sun sha kwalliya suna rawar yake, duk a fili ake yin su. Hoto ne kawai ba a ɗauka sai an tambaya, wasu kuma sukan nemi ɗan abu. In kiɗa ya kai lokacin salla ka tashi, kai matafiyi ne, kana da sauƙin ƙasaru. Tsaraba kuwa dabinon Ingal da cuku sun wadatar. Kayan azurfa ka bar su sai wata shekara.

Za ka ji ana zancen bikin Azbin na Iferwan, wanda aka fara a 2001, a cikin duwatsu arewa da Agadas. Wannan sai da hayar mota mai ƙarfi, ya fi ƙarfin aljihunka yanzu. Masallacin Agadas mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, wanda UNESCO ta sa tsohon garin da yake ciki cikin kayan tarihin duniya a 2013, in guzuri ya yi saura ka kwana ɗaya ka gan shi, in bai yi ba ka juyo.

Ka kuma sa a ranka cewa ana iya ɗage bikin. Na ƙasar Mali da a da ake yi a Essakane, daga baya a gefen Tumbuktu, wanda mawaƙan duniya suke zuwa, tun Janairun 2012 ba a sake yin sa a can ba saboda yaƙi. Don haka kada ka ba kowa kuɗin kafin alƙalami na mota ko masauki. Ka riƙa sauraren sashen Hausa na rediyo daga Agusta, hukumar Nijar ce ke sanar da ranar. In an ɗage, sefarka tana nan, ka sayi fatu da ita ka ƙara jari, ko ka bar ta ta jira wata shekarar.

Ka samo ɗan littafi ka rubuta kuɗin mota zango zango kamar yadda direbobin Gummi da na Sakkwato za su faɗa maka, ka riƙa gyara shi duk bayan wata biyu. Ka kawo mini shi bayan an gama yankan dawa, mu zauna mu ga nawa za ka riƙa cirewa a kowace kasuwa.