AKWATIN FESHIN YASHI: YADDA ZA A INGANTA SHI BA TARE DA AN SAYAR DA HUHU BA

Duk wanda ya ratsa Unguwar Sanusi da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, ko ya leƙa kasuwar Panteka da ke maƙwabtaka da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, zai ga masu walda da masu fenti suna fama da abu guda, wato tsatsa. Fenti ba ya kama ƙarfe mai tsatsa, kuma kankare ta da sanfefa aiki ne mai cin rana. Wannan ya sa wasu masu ƙananan wuraren sana'a a cikin gida suke ƙera akwatin feshin yashi da tsohuwar ganga ko fallen ƙarfe. A wannan darasi za mu duba yadda akwatin yake aiki, da haɗarin da ke ɓoye a cikinsa, da gyare-gyare biyar da za su inganta shi.

Yadda Yake Aiki

Wani Ba'amurke mai suna Benjamin Tilghman ne ya yi rajistar wannan dabara a shekarar 1870. Akwatin rufaffe ne, yana da tagar gilashi da kafofi biyu da aka liƙa wa safar hannu ta roba. Ƙasansa kamar mazurari yake, inda ƙwayoyin feshi suke taruwa. Iska daga kwamfaresa takan bi ta wata ƙaramar kafa a cikin bindigar feshi. Idan iska ta ratsa matsattsen wuri gudunta yakan ƙaru, matsinta kuma ya ragu. Wannan ragin matsi shi ke zuƙo ƙwayoyin ta tiyo na biyu, iskar ta kwashe su ta maka wa ƙarfe. Masanin Italiya Venturi ya bayyana wannan hali na matsattsen bututu a 1797, kuma irinsa ne ke zuƙo fetur a kaburetar babur.

Ɗalibai su tuna ƙa'idar kuzarin motsi: idan gudun ƙwaya ya ninka sau biyu, kuzarinta yakan ninka sau huɗu. Shi ya sa ƙwaya ƙarama take iya ɓantare tsatsar da ta gagari wuƙa.

Haɗarin da Ido Ba Ya Gani

Mafi yawan yashin kogi, irin wanda ake haƙowa a kogin Kaduna domin gini, ma'adinin silika ne. Idan ya bugi ƙarfe yakan farfashe ya zama ƙura. Ƙurar da ta fi illa ita ce wadda ba ta kai maikiromita 10 ba, alhali kaurin gashin mutum yakan kai 50 zuwa 100. Gashin hanci ba ya tare ta, sai ta zarce can ƙuryar huhu. Ƙwayoyin garkuwar jiki sukan haɗiye ta su mutu, wurin ya yi tabo, huhu ya ƙandare. Cutar da ke biyo baya ana kiran ta silikosis. Ba ta da maganin warkewa, tana ci gaba ko bayan mutum ya bar sana'ar, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa.

Wannan ba sabon labari ba ne. Ingila ta hana feshi da yashin silika a masana'antu tun 1949. A 1997 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar silika cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji. A 2009 kuma Turkiyya ta hana fesa wa wandunan jins yashi, bayan da samari masu wannan aiki suka yi ta kamuwa da cutar, wasu suka rasu. Idan wurin sana'a a zaure ko tsakar gida yake, ba mai aiki kaɗai ke shaƙa ba. Har da matar gida da yaran da ke rarrafe.

Gyara na Farko: A Daina Amfani da Yashi

Duk da sunan akwatin, yashi bai kamata ya shiga cikinsa ba. A ma'aunin tauri na Mohs, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, yashi yana kan 7, tsakin alminiyam oksaid yana kan 9, ƙwayoyin gilashi kuwa wajen 6. Alminiyam oksaid ya fi yashi cin tsatsa, kuma ana maimaita shi sau da yawa kafin ya lalace, ga shi yashi daga bugu ɗaya ko biyu ya zama gari. Ƙwayoyin gilashi sun dace da ƙarfe mai taushi kamar alminiyam. Tsadar farko ce kawai. Arha ba ta ado.

Gyara na Biyu: A Sa Akwatin Ya Riƙa Zuƙa

Bindiga tana cusa iska cikin akwati, dole iskar ta nemi mafita, ta fita da ƙura ta kowace tsaga. Maganin shi ne a huda kafa a sama a haɗa injin zuƙar ƙura, a huda wata a ɗaya gefen domin shigar iska, a kare ta da falle daga ciki. Idan abin da ake zuƙewa ya fi abin da ake hurawa, matsin ciki zai yi ƙasa da na waje, tsagogi su koma zuƙa maimakon fitarwa. A toshe gaɓoɓi da roba ko danƙon silikon. Ga gwaji mai sauƙi: a kunna turaren tsinke a bi da shi bakin ƙofar akwatin. In hayaƙin ya shige ciki, aiki ya yi. In ya kauce waje, da sauran gyara.

Gyara na Uku: Tarkon Ƙura

Tsakanin akwati da injin zuƙa a sa bokiti mai murfi. Bututun shiga ya shiga ta gefe a karkace, na fita ya fito ta tsakiyar murfi. Iska za ta riƙa juyi kamar guguwa, ƙura mai nauyi ta bugi bango ta faɗi ƙasa. Sai dai a lura, wannan tarko ba ya kama ƙura mafi laushi. Don haka dole injin ya kasance da matata mai kyau, a kuma fitar da bututun ƙarshe waje, nesa da ɗakin kwana, madafi da rijiya.

Gyara na Huɗu: Busasshiyar Iska Isasshiya

Idan aka matsa iska sannan ta huce, tururin da ke cikinta yakan koma ruwa. Shi ya sa a damina, musamman a watan Agusta, ƙwayoyi suke dunƙulewa su toshe tiyo. A sa matarin ruwa kusa da akwati, inda iska ta riga ta huce, a kuma riƙa tsiyaye tukunyar kwamfaresa kullum. Matsin bar 4 zuwa 6 ya isa yawancin aiki. Kafar iska mai faɗin milimita 3 tana shan fiye da lita 500 a minti ɗaya a matsin bar 6, abin da ƙaramin kwamfaresa ba zai iya ba. In aka rage faɗin kafar da rabi, iskar da za ta sha ta koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Gyara na Biyar: Haske da Gilashi

Wanda ba ya ganin aikinsa yakan buɗe ƙofa ya leƙa, nan ne ƙura take samunsa. A ɗora fitila daga waje a bisa wata ƙaramar taga, a liƙa farar leda a cikin gilashin dubawa, a riƙa sauya ta in ta dushe. A haɗa jikin akwatin da wayar ƙasa, domin gogayyar ƙwayoyi tana tara lantarki mai fizgar hannu.

Kammalawa

Ko bayan waɗannan gyare-gyare, a jira mintuna kaɗan injin zuƙa yana aiki kafin a buɗe ƙofa. A sa takunkumi mai matata wajen zubar da ƙura, domin ƙyalle ko bakin rawani ba sa tare ta. A yayyafa ruwa kafin shara, kada kuma a kaɗe tufafin aiki a tsakar gida. Tsohon fenti kan ƙunshi dalma, kuma mun ga yadda ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a Jihar Zamfara a 2010. Duk mai wannan sana'a da ya ji tari mai naci ko sarƙewar numfashi ya je asibiti, ya gaya wa likita aikin da yake yi. Rigakafi ya fi magani, balle ga cutar da ba ta da shi.

Tambayoyin Nazari

1. Me ya sa bindigar feshi take zuƙo ƙwayoyi alhali hura iska ake yi?
2. Idan kafa mai milimita 3 tana shan lita 560 a minti, nawa mai milimita 1.5 za ta sha?
3. Tare da malaminku, ku gwada tarkon bokiti da garin katako, ku bayyana abin da ya zauna a ƙasa da abin da ya wuce.