Mace Kirista da Sha'anin Ado

Wanda ya san unguwa irin Ajilari a Maiduguri ya san Kiristocin da suka zo daga Biu da Garkida da Lassa suna zaune ne tsakanin Barebari da Shuwa, mutanen da ba su wasa da ado. Amaryarsu sai an yi mata dilka da lalle, an turara ta da turaren wuta, an yayyafa mata humra. To, ranar da yarinya ta tambaye ku a aji, "Malam, ko zunubi ne Kirista ta yi haka?" me za ku ce mata?

Masu hanawa su kan fara da Yezebel, wadda ta sa kwalli ta gyara kanta ta leƙo ta taga ranar da Yehu ya shiga Yezreyel (2 Sarakuna 9:30). Amma ba kwalli ya kashe ta ba, jinin Nabot da na annabawa ne ya bi ta. Ku duba kuma Farawa 24:22. Baran Ibrahim ya ba Rifkatu zoben zinariya da awarwaro biyu masu nauyin shekel 10, ba wanda ya tsauta masa. Esta ta yi wata 12 ana gyara ta, shida da man mur, shida da kayan ƙanshi. Har 'yar Ayuba ta uku, sunanta Keren-haffuk, watau ƙahon kwalli, abin da mu za mu kira tandu.

Inda maganar ta ke da nauyi shi ne 1 Timoti 2:9-10 da 1 Bitrus 3:3-4. Bitrus ya jera abu uku: kitso, zinariya, da sa tufafi. In haramtawa ya ke nufi, ashe har da tufafin ke nan, wannan kuwa ba mai hankalin da zai faɗa. Bulus ya rubuta wa Timoti ne a Afisa, birnin attajirai, inda uwargida da baiwarta ke sujada a ɗaki ɗaya. Yawancin abin da ya ambata na tsada ne, zinariya da lu'ulu'u da sutura mai kuɗi. A ganina damuwarsa ita ce kada mai shi ta kunyata marar shi a gaban Allah.

Wannan gardama ta tsufa ƙwarai. Wajen shekara ta 200 Tartuliyan na Kartaj, a ƙasar da a ke kira Tunisiya yau, ya rubuta littafi sukutum yana faɗa da rina gashi da shafa baƙi a ido. Ekklesiyar 'Yan'uwa ta Amurka ma, a babban taronta na 1911, ta hana sa zinariya don ado. Daga cikinta ne Stover Kulp da Albert Helser suka fito suka kafa aiki a Garkida a 1923, wanda ya zama EYN. Dokar nan ta yi sanyi a can Amurka tun tuni. Abin da ya fi kusa da nufin Bulus a wurinmu shi ne zanen Zumuntar Mata, gama ranar taro matar ɗan kasuwa da matar lebura iri ɗaya su ke ɗaurawa.

Akwai dai wani gefe da malami ya kamata ya sani, domin Bulus ya kira jiki haikalin Ruhu Mai Tsarki (1 Korantiyawa 6:19). Man canza launin fata da yawa akwai zaiba a ciki, ita kuwa ta kan lalata ƙoda. Kwallin gargajiya ma sau da yawa dutsen darma ne a ka niƙa. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun sami darma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye 'yan Nijeriya. Da a ka auna kwallin da a ke sa masa, sai a ka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 darma ce. Darma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun bai fara magana ba, ku ne kuwa za ku karɓe shi a aji ɗaya bayan shekara shida.