Haƙorin da ke Zaman Aljihu

Bayan la'asar wani dattijo ya shigo wurin aikina a unguwar Kilomita Biyar, ɗansa na biye da shi. Muka gaisa, na tambayi iyali da kasuwa, sannan ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fito da hankici a ƙulle. Da ya kwance, sai ga haƙoran roba, na sama da na ƙasa, farare tas kamar ba su taɓa ganin abinci ba.

"Likita, na saman da dama-dama. Na ƙasan nan kuwa sai ka ce kwalekwale a kogin Ubangi."

"Baba, a ina aka yi maka su?"

A Kamaru ne, a 2014, lokacin da rikici ya tarwatsa mutanen unguwar nan da yawa. Wuni ɗaya aka gama aikin. Tun daga nan ba ya sa su sai zai je Juma'a a Babban Masallaci ko ɗaurin aure. Da an kawo abinci sai su koma aljihu. Gozo, wato tuwon rogo, yake haɗiya da miya, tsire kuwa sai dai ƙamshi.

Irin Baba suna da yawa, kuma kusan dukansu laifin suke ɗora wa robar. Ni kuwa in na duba, sau da yawa robar lafiyarta lau. An dai jera haƙoran ne ba tare da an kula da yadda muƙamuƙin mai su yake motsi ba.

Ka ɗora yatsa a gaban kunnenka, ka buɗe baki a hankali. Da farko gaɓar tana juyawa ne a wuri ɗaya kamar ƙyaure. Ƙara buɗewa, za ka ji kan ƙashin ya zamo gaba ƙarƙashin yatsan. Yanzu yi kamar kana tauna goro: haɓa ta karkata gefe, gaɓa ɗaya ta tafi gaba, ɗayar ta kusan tsayawa. Niƙa ce ake yi, ba sara ba. Haƙorin da Allah ya halitta yana da saiwa, yana jure wannan. Na roba a kan dasashi kawai yake zaune, don haka in turmin dama ya ci karo da na samansa alhali hagu a buɗe, sai farantin robar ya ɗaga.

Masana sun daɗe a kan wannan. A ƙarni na 19 wani likitan Amurka, William Bonwill, ya auna muƙamuƙai ya ce tsakanin gaɓoɓin biyu da tsakiyar haƙoran gaba na ƙasa akwai siffa mai kusurwa uku, kowane gefe kusan santimita 10. A 1890 Bajamushe Graf von Spee ya bayyana cewa turame ba a miƙe suke jere ba, layinsu yana lanƙwasa yana hawa ta baya. A 1908 Norman Bennett na Ingila ya nuna muƙamuƙi yana gocewa gefe gaba ɗayansa in ana tauna. Da irin wannan ilimi Alfred Gysi na Zurik ya ƙera muƙamuƙin ƙarfe, wanda jikokinsa ke kan teburina yau: a ɗaura masa zubin bakin mutum, a jera haƙora a kan kaki, a yi ta motsa shi gaba da gefe ana gyara har su daina karo. Awon Bonwill matsakaici ne dai. Bakin mutum ba ya karanta littafi, shi ya sa gwaji a bakin mai shi ba ya da madadi.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ƙashi yana narkewa. Da zarar an cire haƙori, tudun da ke riƙe da shi ya rasa aikin yi, sai ya fara raguwa, da sauri a shekarar farko, a hankali bayan nan, amma ba ya tsayawa. Antje Tallgren ta bi masu haƙoran roba, wasu har shekara 25, ta wallafa a 1972 cewa tudun ƙasa yana raguwa kusan ninki huɗu na tudun sama. Ga shi kuma na sama yana da ganda mai faɗi da zai manne mata, na ƙasa kuwa siririn tudu ne kamar kofaton doki, harshe na tura shi ta ciki, kumatu ta waje. Hausawa sun ce harshe da haƙori ma suna saɓawa. A sana'armu in suka saɓa, harshe ne ke yin nasara. Dole a ajiye turamen ƙasa a kan tudun, a ɗan filin da turin harshe da na kumatu suka yi kunnen doki. Na Baba an karkatar da su ciki, sun cinye wa harshe wuri.

Sai tsayi. In mutum ya saki baki bai ce komai ba, haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa, akwai tazarar milimita 2 zuwa 4. In aka cinye ta, haƙora su riƙa ƙwas-ƙwas ana magana, gaɓa ta gaji. In ta yi yawa, fuska ta lotsa, gefen leɓe ya yi ta tsagewa. Ni nakan sa dattawa su karanta Fatiha da haƙoran gwaji a baki. Harafin sin yana nuna mini ko tazarar ta isa. Mai tilawa kullum ya fi ni saurin jin inda aka kuskure.

Saboda haka in aka ce maka yau awo, yau karɓa, ka yi tambaya. Aikin kirki yakan ci zuwa huɗu ko biyar: awon farko, awo na biyu, ɗaukar cizo, gwaji a kan kaki, sannan karɓa, kuma za ka dawo gyara. Kada ka aika ɗan'uwa ya sayo maka a Duwala ko Kano kamar takalmi. In ya karye kada ka liƙe da gam ɗin kasuwa, in ya matsa kada ka kai masa magagari. Cire shi da dare, wanke shi da buroshi da sabulu, ka ajiye a ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana lanƙwasa shi. Gyambon da ya kwana goma sha huɗu ƙarƙashin haƙori bai warke ba, a nuna wa likita, musamman ga mai shan taba, don wani lokaci haka ciwon daji yake farawa. Kuma ko aikin ya yi kyau, ƙarfin cizonsa ba ya kusantar na haƙorin asali. Ba na ɓoye wa kowa wannan.

Baba ya zo sau biyar, yana mita kowane zuwa. Ranar karɓa na ce ya yanka nama ƙanana, ya tauna ta gefe biyu lokaci ɗaya, kada ya ciza da na gaba. Bayan mako guda ya dawo da ɗan rauni a bayan dasashi na hagu, na goge wurin da ke matsa masa. Yana fita ya juyo.

"Likita, kilishi fa?"

"Baba, a jiƙa shi tukuna."