Darasi: Kada Allura ta Ruɗe Mu Wajen Sayen Akwatin Rediyo

Ƙungiyoyinmu da yawa sukan tara kuɗi su sayi akwatin rediyo domin a taru a ji shirin noma, da labarin damina, da farashin taki. A wani ƙauye da muka ziyarta bara, an aiki ma'aji birni ya sayo. Mai kanti ya kunna masa akwati biyu a kan tasha ɗaya. Allurar na farko ta kai 9, ta na biyu ta tsaya a kan 6. Ma'aji ya ɗauki na farko, mai tsada. Da ya kawo gida, allura tana nan a sama, amma magana ba ta fita, sai hayaniya. Kuɗin gonar ƙungiya ne ya tafi haka.

Mece ce wannan allura?

Waɗansu akwatuna suna da ɗan ma'auni mai lamba 1 zuwa 9, wanda yake nuna ƙarfin abin da eriya ta kamo. Akwai mutanen da suke da lasisin yin magana da juna ta rediyo don sha'awa kawai. A shekarar 1981 ƙungiyarsu ta yankin Turai da Afirka ta amince da awo ɗaya. Ta ce a zangon da yake ƙasa da kilohaz 30,000, lamba 9 tana nufin kashi 50 cikin miliyan na bolt ɗaya, kuma kowace lamba ninki biyu ce ta wadda take ƙasa da ita. Amma wannan shawara ce, ba doka ba. Masu ƙera rediyo da yawa ba su bi ta sosai. Dukanmu mun san mudun wannan kasuwa ba lalle ya yi daidai da na waccan ba. Haka allura take. Tana da amfani in za mu gwada tasha biyu a akwati ɗaya, amma ba ta iya raba gardama tsakanin akwati biyu.

Matsakaicin zango da wahalarsa

Matsakaicin zango yana tsakanin kilohaz 531 da 1,602. A nan allura ta fi ruɗi, domin ba ta bambanta magana da hayaniya, duk abin da ya shigo takan auna shi. Walƙiya tana haddasa ƙara mai yawa a wannan zango, musamman da damina, ko da hadarin yana nesa. Cajar waya, da kwan lantarki na zamani, da injin juya wutar sola su ma suna kawo ƙara. Saboda haka akwati mai kamo abu da ƙarfi sosai bai cika taimako ba, sai dai ya ƙara mana hayaniyar. Abin da muke bukata shi ne akwati mai iya ware tasha ɗaya daga maƙwabciyarta, gama a Afirka tazarar kilohaz 9 ce kawai tsakaninsu. Da dare kuwa tashoshin nesa sukan iso, su hau kan na kusa.

Yadda za mu gwada

1. Mu sa sababbin batura a akwatunan duka biyu.
2. Mu fita da su waje, nesa da wayoyin lantarki, mu ajiye su wuri ɗaya.
3. Mu nemi tasha mai rauni, ba mai ƙarfi ba. Kowane akwati yana iya kamo tashar garinsu.
4. Mu juya akwatin a hankali. Eriyar matsakaicin zango sanda ce a cikinsa, tana da gefen da ta fi ji.
5. Mu rufe allurar da takarda. Mutum biyu su saurara na minti uku, sa'an nan su faɗi abin da suka ji. Akwatin da aka fi gane maganarsa shi ya ci.
6. Mu roƙi mai kanti ya yarda a gwada da rana da kuma dare, a mayar in bai yi ba.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

A buɗe da karatun Karin Magana 11:1, inda ake maganar ma'auni.
1. Wane abu muka taɓa saya domin ganin ido, daga baya muka yi da-na-sani?
2. A ina muke ajiye akwatinmu? Akwai caja ko kwan lantarki kusa da shi?
3. Su wa za mu aika tare da ma'aji in za a yi sayayya?

Kuɗin ƙungiya amana ce, gumin gwauraye da matasa yana ciki. Kunne shi ne alƙali, ba allura ba. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.