Kafin Ka Sayi Sola, Ƙirga Wutar da Gidanka Ke Sha da Dare

Tambayar da aka fi yi mini a waya ita ce, "Injiniya, nawa za ka haɗa mini 3.5kVA?" Sana'ata ke nan, haɗa wutar sola a gidaje da shaguna a Kano da kewaye, kuma duk sanda na ji wannan tambaya na san akwai sauran bayani kafin a zo maganar kuɗi. Lambar nan ta kVA girman inbata ce kawai. Inbata kuwa ba ta samar da wuta, ba ta kuma ajiye ta. Aikinta shi ne ta karɓi wutar batir ta juya ta zuwa irin wadda fanka da firiji suke sha. Mutum biyu za su sayi inbata iri ɗaya a shago ɗaya, wannan ya kwana da fanka har kiran asalatu, wancan wutarsa ta ɗauke tun kafin sha biyun dare.

Ban ga laifin masu tambayar ba. Da janareta muka saba, shi kuwa da kVA ake sayensa, in dai da mai a tanki zai yi ta ba ka wuta. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haye 500 a nan Arewa cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu a gidajen mai da yawa. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta. Sai jama'a suka yi ca a kan sola. Masu haɗawa suka yi yawa, da na kirki da 'yan ta-ci-barkatai, kowa na yanka farashi da kVA domin ita ce lambar da mai saye ya sani.

Ka ɗauki batir a matsayin randa, farantan sola su ne mai garuwar da ke cika ta da rana, inbata kuwa moɗa ce. Babbar moɗa ba ta ƙara ruwan randa, sai dai ma ta sa ya ƙare da wuri. Don haka abin da ya kamata a fara sani shi ne yawan wutar da gidan yake sha tsakanin faɗuwar rana da fitowarta.

Lissafin ba shi da wuya. Duk mai mitar kati ya san yunit. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Kowane kayan wuta akwai ƙaramar takarda a jikinsa, ko rubutu a bayansa, da ke nuna wat nawa yake ja. Ka ninka wannan da awannin da yake yi a kunne. Ga misalin irin gidan da na fi shiga. Fankar sama uku, kowace wat 70, suna kwana a kunne awa goma: wat 2,100 ke nan. Ƙwan fitila takwas masu wat 10 na awa biyar, 400. Talabijin da dikoda na awa huɗu, wata 400. Firiji matsakaici zai sha wajen 600 a dare, cajin wayoyi kuma a ce 100. An tashi 3,600, wato yunit 3.6. Ita ma inbatar tana cin nata kason wajen juya wuta, kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari, saboda haka abin da za a ɗiba daga batir ya haura yunit huɗu.

Yanzu mu duba baturan da aka saba haɗa wa irin wannan gida. Batirin ruwa na tubula mai 220Ah da 12V, in ka ninka lambobin biyu za ka samu 2,640. Guda biyu 5,280, wato yunit biyar da ɗan ɗori. Mai gida ya ga biyar ta fi huɗu, sai hankalinsa ya kwanta. A nan matsalar take. Batirin dalma irin wannan, na ruwa ne ko busasshe, rabin abin da ke cikinsa ne naka. In kana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum, kana yanke masa kwana ne da hannunka. Ashe abin da gidan yake da shi yunit 2.6 ne, buƙatarsa kuma ta haura huɗu. Kowane dare sai baturan sun faɗi ƙasa warwas, inbata ta yi ta ƙara ta kashe kanta, wani ma ya tashi ya sake kunna ta don ya matse abin da ya rage. Batirin da ya kamata ya yi shekara uku ko huɗu sai ya gaji kafin shekara ta zagayo.

An taɓa kirana wani gida a kan irin wannan. Mai gidan ya tare ni a ƙofa ransa a ɓace. "Injiniya, jabu aka sayar mini, ko shekara ba su yi ba." Na ce, "Alhaji, a nuna mini inda suke kwana." Aka kai ni wani ɗan sito a bayan kicin, rufin kwano ba silin, ba taga, an jingina buhunan gawayi a gefe. Watan Afrilu ne, ina buɗe ƙofa zafi ya buge ni a fuska. Kawunan baturan sun yi farin gari mai ɗan kore-kore, gefen ɗaya ya kumbura, 'yan sandunan da ke nuna yawan ruwa duk sun nutse ƙasa. Na tambaya yaushe rabon a zuba musu ruwa. Uwargida ta ce daga bayan labule, "Ai Malam, wanda ya haɗa bai ce mana ana zubawa ba." Baturan ba jabu ba ne. Ƙanana ne ga aikin da aka ɗora musu, an ajiye su a wuri mai zafi, kuma ba wanda ya yi wa mutanen gidan bayani na minti biyar. Wannan na ƙarshen ya fi ɓata mini rai, domin laifinmu ne mu masu sana'ar.

Zafi babban abokin gabar batir ne, mu kuwa a ƙasar zafi muke. Duk alƙaluman da kamfani ke rubutawa a takardar batir an gwada su ne a wajen digiri 25. Abin da masu wannan aiki suka sani shi ne, duk ƙarin kimanin digiri goma a kan haka yana rage rabin rayuwar batirin dalma. A bazarar Kano ko Sakkwato ko Maiduguri inuwa ma tana kai digiri 40. Don haka a nema wa batir wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan, mai iska tana shiga tana fita, a ɗora shi a kan katako ko ƙarfen da aka yi dominsa. Iskar ba don sanyi kawai ba ce. Batirin ruwa yana fitar da iskar gas mai kama wuta lokacin caji, bai kamata ta taru a rufaffen ɗaki ba, kuma ba a kunna ashana ko ajiye murhu kusa da shi. A riƙa duba ruwansa duk wata, musamman da bazara. Ruwan batir tatacce kaɗai ake zubawa. Ba ruwan leda ba, ba na rijiya ba, kuma ba a ƙara masa asid.

Sai farantai. Farantin da aka rubuta wa wat 550 ba zai ba ka 550 a kan rufinka ba. Shi ma a digiri 25 aka gwada shi, alhali da tsakar rana jikinsa yana wuce digiri 60, wannan kaɗai zai cinye kusan kashi goma sha biyar. Ga ƙura, ga asarar waya. Allah ya hore mana rana, muna samun kwatankwacin awa biyar zuwa shida na cikakken haske, amma in za ka yi lissafin da ba zai ba ka kunya ba, ka sa wa irin wannan faranti yunit biyu a wuni. Gidan da muka ɗauka misali yana buƙatar ya mayar da abin da ya sha da dare, da ƙarin abin da batir ke ɓatarwa wajen caji, ga kuma firiji da fanka da ke aiki da rana. Yunit bakwai zuwa takwas ke nan, faranti huɗu. Sau da yawa biyu nake tararwa. Batirin dalmar da ba ya cika kullum, wani farin abu ne ke daskarewa a jikin farantan cikinsa, a hankali ya daina karɓar caji.

A fuskantar da farantai kudu, a ɗan karkata su digiri goma zuwa sha biyar, a bar rata tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa. A kula da inuwa. Inuwar tankin ruwa ko reshen darbejiya a kan faranti ɗaya tana iya jawo duk layin da aka jera tare ƙasa. Da hunturu a riƙa wanke su da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma lis, ba lokacin da gilashin ya ɗau zafi ba.

Abin da ya fi hana ni barci a aikin wasu shi ne waya. Wutar batir ƙarfin turinta kaɗan ne, don haka yawan abin da ke gudana a waya yake da yawa. Inbata mai 24V in tana ba da wat 2,400, amfiya ɗari ne ke bi ta wayar da ke tsakaninta da batir. Wannan sai waya mai kauri kamar ɗan yatsa, ta jan ƙarfe zalla, gajera, an matse kawunanta da kyau. Akwai wayar da ke yawo a kasuwa, alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Ka kankare ta da wuƙa, in cikinta ya fito fari ka mayar wa mai ita. Bayan wutarka ta yi awa ɗaya tana aiki, taɓa wayar batirin. In ta yi zafin da ba za ka iya riƙe ta ba, kashe ka kira wanda ya haɗa. Sannan dole a sa fis ko bireka kusa da batir, kuma irin wadda aka ƙera don wutar batir, domin birekar wutar NEPA ba lallai ta iya kashe tartsatsin wannan wuta ba. Kuɗin waɗannan kayan bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da na batir, amma a nan ake yin ƙwauro, a nan kuma gobara take farawa.

Game da kuɗi, farashi yana canzawa da dala, don haka hanyar lissafi zan ba ka, ka sa farashin ranar da ka je kasuwa. Kada ka tsaya a kan kuɗin batir, ka raba shi da yawan yunit ɗin da zai ba ka har ya mutu. Tubula mai 220Ah yana ba da yunit 1.3 a dare. In aka kula da shi ya yi dare dubu, yunit 1,300 ke nan. Batirin litiyom irin na LiFePO4 mai yunit biyar ana iya shan huɗu daga ciki kullum ba tare da cutar da shi ba, kuma na kirki yana jure caji dubu uku zuwa sama, wato yunit 12,000 ko fiye. Yana da tsada a ranar saye, amma in ka raba za ka ga sau da yawa shi ne mai arha, ga shi ba ruwansa da zuba ruwa. Sai dai a nan ma akwai algus. Wasu tsofaffin ƙwayoyi ake zubawa a sabon akwati. Ka sayi wanda ke da takardar garanti a rubuce, daga wanda ka san inda za ka same shi baɗi. Haka za ka auna janareta. Ƙaramin janaretan fetur da kyar yake ba da yunit biyu daga lita ɗaya, in kayan da ke kansa kaɗan ne ma bai kai haka ba. Raba kuɗin lita ɗaya gida biyu, ka ƙara na baƙin mai da na gyara, ka ga abin da kake biya.

Yunit mafi arha shi ne wanda ba ka sha ba. Mu koma gidan nan. In aka cire fankokin nan uku aka sa masu cin wat 30, abin da suke sha ya sauko daga 2,100 zuwa 900. Buƙatar dare duka ta dawo 2,400, har da kason inbata ba ta kai yunit uku ba. Baturan nan biyu da suke shan wahala sun kusa isa, kuma kuɗin fanka uku bai kai na ƙarin batir biyu ba. Dutsen guga yana jan wat dubu ko fiye, injin jan ruwa da firiza ma suna da nasu nauyin, kuma duk abin da ke da inji mai juyawa a ciki yana fizgar ninki uku ko fiye na wutar da ya saba ja a lokacin tashi. Waɗannan a mayar da su tsakanin ƙarfe goma na safe da uku na yamma, lokacin da wuta ke zuwa kai tsaye daga rufi, kada a tayar da su gaba ɗaya. Firiza in ta yi sanyi sosai da rana kuma ba a yawan buɗe ta, za ta iya kwana a kashe.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, babu laifi ya fara da kaɗan: fitilu, fanka ɗaya ko biyu, da cajin waya, firiji ya ci gaba da jiran wutar NEPA. Yana iya sayen inbata mai ɗan girma don gaba, ya riƙa ƙara farantai in hali ya samu, matuƙar na'urar da ke cajin batir daga farantan za ta ɗauka. Batirin dalma ne ba a yi masa haka. In ka haɗa sabo da wanda ya shekara yana aiki, tsohon zai jawo sabon zuwa matsayinsa cikin 'yan watanni. Baturan da za su yi aiki tare a saye su rana ɗaya, kamfani ɗaya, girma ɗaya.